Mama Saratu Mai Ba da Aron Hannu

Duk wanda ya zauna a Nukkai a shekarun nan ya san cewa kafin masu kunu su gama hura wuta, Mama Saratu Manga ta riga ta kama hanyar asibiti. Lema a hammata ko da sama fes take, silifas a ƙafa, farin kambas kuma a leda, don ta ce ba za ta bari jar ƙasar Jalingo ta ci mata takalmin aiki ba. Sai ta isa ƙofa take sauyawa. Daga nan ta ɗora ruwa a risho, ta share gindin mangwaro, ta jera bencina, ta bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa: wannan da yaren Mumuye, wancan da Fulatanci, wata da Jukunanci, sauran da Hausarta da ke mayar da mace namiji ba tare da neman izini ba. Mun sha yi mata tsiya a kan haka. Ta ce ita dai ba a taɓa kawo mata wanda nahawu ya kwantar ba.

A ƙarshen watan nan na 1998 za ta ajiye farin kaya. Ba likita ba ce, ba kuma babbar nas ba. Mataimakiya ce, irin waɗanda ake kira a ce su kawo tasa, su riƙe fitila, su goge ƙasa. Ta fara daga ɗakin haihuwa tun Jalingo tana garin da kowa ya san kakan kowa, ta ƙare a ɗan asibitin nan mai ɗaki huɗu da ke bayan coci. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba. Shi ya sa na ga ya wajaba a kira shi a nan, da ƙarfi kuwa.

Akwai wani ciwo da ya daɗe yana cin mata a garin nan, ba a san sunansa ba. Mace za ta tashi da safe kamar an kwana ana dukanta, wuya, kafaɗa, ƙugu, gwiwa, babu inda ya bari. Ta yi barci amma ta farka a gajiye. A je asibiti a ɗebi jini, a ce lafiya lau. A ɗauki hoton ƙashi, a ce lafiya lau. Babu kumburi, babu zazzaɓi, babu ko ƙurji da za ta nuna. Daga nan sai bakin mutane ya karɓi aikin. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce jifa, a coci a ce ta ƙara bangaskiya, a gida a ce lalaci ne kawai da son jiki. Na ƙarshen nan shi ya fi cin rai, kuma shi aka fi faɗa.

Bayan an ba mu jihar Taraba da ɗan lokaci, wata likita 'yar Wukari, Dakta Beatrice, ta dawo daga karatu a waje ta nemi ɗaki a asibitin. Ita ta fara gaya mana cewa ciwon yana da suna, faibromayalja, sunan da har yau Mama Saratu ba ta yarda ta faɗa daidai ba. Ta zo ne da bincike. Yadda ta bayyana wa mata a gindin mangwaro shi ne, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi suna da waɗansu ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ta cikinsu wani gishiri na jiki da ake kira fotasiyam yake fita, in ya fita sai jijiyar ta lafa. Ita da abokan aikinta na waje suna zaton in aka sami maganin da zai buɗe ƙofofin, jijiyar da ta ƙi yin shiru za ta yi shiru. Zato ne, ta nanata, ba alkawari ba. Ta kuma gaya musu gaskiya cewa wasu za su sha maganin, wasu za su sha ƙwayar da ba komai a cikinta, ita kanta ba za ta san wace ce wace ba sai an gama. Mama Saratu ce ta juya wannan bayani zuwa harsuna huɗu, har da nuna ƙofar ɗakin magani tana buɗewa tana rufewa.

Amma kafin a ba mace ko ƙwaya ɗaya, sai an tabbatar ciwon ne. Tun da jini ba ya nunawa, hanya ɗaya ce a lokacin: likita ta danna waɗansu wurare a jiki da babban yatsa, ba da ƙarfi ba, daidai yadda farcenta zai yi fari, ta tambaya ko da zafi. Mai lafiya ba zai ji komai ba. Mai ciwon kuwa zai ji kamar an soka masa ƙusa. Abu mai sauƙi, in dai wadda aka danna za ta buɗe baki ta faɗa.

A nan aka yi karo da Furera.

Furera Bafulatana ce daga wajen Sunkani, tana aure a unguwar Yelwa. Mijinta Maishanu, duk da sunan ko akuya bai mallaka ba, tela ne a kasuwa, iyayensa Katsinawa. Mutumin kirki ne, sai dai kunnensa ya cika. Shekaru yana dawowa gida ya tarar ba a yi daka ba, ruwa babu a randa, matarsa a kwance, jikinta kuma sumul. Dangi sun yi ta faɗa har ya fara yarda. Shi ya kawo ta asibitin da kansa a kan keke, ya zauna a bencin da ke bakin ƙofa yana saurare, don ya yanke wa kansa hukunci.

Dakta Beatrice ta danna bayan wuya. "Da zafi?"

"Wala," in ji Furera. Babu, ke nan.

Ta danna kafaɗa. "Nan fa?"

"Jam." Lafiya.

Haka aka bi jikin nan kaf, amsar ba ta sauya ba. An tashe ta a gidan da ake haihuwa ba a ji ko nishi ba, inda raki abin kunya ne da zai bi mace har jikokinta. Ta ce wayyo a gaban baƙuwa, mijinta kuma na ji daga waje? Gara ta mutu. Likitar ta san da wannan hali na Fulani sarai, ba baƙuwa ba ce a ƙasar, amma dokar binciken ta ɗaure mata hannu. Ba ta da ikon ta ce akwai inda mai jiki ta ce babu.

Maishanu ya ɗora ta a keke suka koma Yelwa. Da suka isa gida ya ce da kunnensa ya ji ta gaya wa likita ba abin da ke damunta. Bayan ƙaramar Sallah zai kai ta Sunkani ta huta wajen iyayenta. Kowa ya san irin wannan hutu. Yara uku kuma, har da ƙaramar, Sadiya, a Yelwa za su zauna wajen kakarsu.

Mama Saratu ce ta tsaya a gefen gado ranar, kuma ta ga abin da ba a faɗa ba. Ta ga gumi ya tsatstsafo a goshin yarinyar da sanyin safiya. Ta ga yatsun ƙafarta sun naɗe. Abin ya tsaya mata a rai har ta kasa cin tuwo. Sai ta tuna ɗakin haihuwa, inda ta yi shekaru tana karɓar 'ya'yan matan Fulani. Ba ta taɓa jin ihunsu ba, amma ta sha sanin inda naƙuda ta kai, don takan ba su hannunta su riƙe.

Ta kai wa likita shawarar. Dakta Beatrice ta yi ta juya abin, ta rubuta wa abokan aikinta, aka amince cewa matsa hannu ma amsa ce, muddin an gaya wa mara lafiya ma'anarsa tun farko. Aka aika wa Furera ta dawo.

"Zauna, ɗiyana," in ji Mama Saratu. "Yau ba wanda zai tambaya ka komai. Ga hannuna. In ya yi zafi, ka matse. Zafi kaɗan, matse kaɗan. Zafi da yawa, matse da yawa. Bakinka kuma ka bar shi a rufe, ba ruwanmu da shi."

Furera ta dube ta. "Dada, zan ji miki ciwo."

"Hannun nan ya haifi rabin Nukkai. Riƙe."

Dakta Beatrice ta ba ni labarin da bakinta. Ta ce da ta danna bayan wuya, fuskar Furera ko gezau, kamar tana sauraron wa'azi. Mama Saratu ce ta yi tsalle ta kira sunan Yesu. Daga ranar aka san ciwon Furera gaskiya ne, aka sa ta cikin binciken.

Labari ya bazu. Mata suka riƙa zuwa daga Kachalla Sembe, daga Kona, daga rugage, ba Fulani kaɗai ba. Ashe kowace ƙabila da irin nata shirun. Akwai Caroline, malamar firamare, da ta daina faɗin ciwonta don an gaji da sa ta a addu'a. Akwai tsohuwar da ta ce in ta yi ƙorafi surukarta za ta raina ta. Duk hannun nan ɗaya suka matsa. Ranar gwaji Mama Saratu takan koma gida da yatsu a kumbure, ta tsoma su a ruwan ɗumi da gishiri. Ita ce mai buga tulu a Zumuntar Mata ta coci, amma sau da yawa ranar Lahadi sai dai ta zauna ta bi waƙa da kai. Likita ta taɓa kawo ƙwallon roba ta ce a riƙa matsa shi a maimako. Matan suka riƙe shi kamar ƙwai, ba wadda ta matsa. Mama Saratu ta ce a ba yara su yi wasa da shi, ai mutum ba ya kai wa roba kuka.

Ke ce, Mama, kika gane cewa mai shiru ma yana magana. Ke ce kika ɗauki ciwon da ba naki ba kika kai shi gida a yatsunki, mako bayan mako, ba a ƙara miki ko matsayi ba. Mai aron hannu, uwar marasa baki. Mun gan ki kina ɗaure kambas da hannu ɗaya don ɗayan ya ƙi lanƙwasuwa, kina dariya kina cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, mun sani.

Sai dai shigar Furera bincike bai kashe maganar Sunkani ba. Azumi ya kama, Maishanu na kan bakansa. Da aka gaya masa yadda aka yi, ya ce wato yanzu mata sun haɗa kai, wata ta matsa hannun wata, an ce ciwo. Shi abin da ya ji da kunnensa ya sani.

Mama Saratu ta ɗauki wani yadi da ta daɗe da ajiyewa ta nufi kasuwa. Lokacin ɗinkin Sallah ne, shagon ya cika, keken ɗinki na ta ƙara. Ta zauna ta jira har ya ɗago.

"Mama Nas, sannu da zuwa. Riga ko zane?"

"Riga. Amma ba shi ya kawo ni ba, Baban Sadiya. Kai kana auna mutane da tef kullum. Zo ka auna matarka."

Ya ɓata rai. "Mama, ina ganin girmanki. Ni abin da ban gani ba, ba na aunawa."

"Ni ma ban gani ba. Likita ma bai gani ba. Zo ran Talata. In ka zo ka ce ƙarya ne, ni da kaina zan raka ta tasha, in ɗauka mata akwati."

Ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta ce ita ba ta da aikin da ya wuce wannan, ta gyara zama, ta buɗe lema a cikin shago. Masu jiran ɗinki suka fara dariya. Da ya ga abin zai zama kallo, ya ce to, zai zo.

Ya zo. Aka ja labule tsakaninsa da gado, aka ba shi kujera, aka ce ya zura hannu ta gefen labulen. Mama Saratu ba ta yaudari Furera ba. Ta ce mata, "Nawa ya gaji yau. Ga wani." Furera ta kalli hannun, ta ga kantar almakashi a babban yatsa, ta janye nata da sauri ta rufe fuska da mayafi. Riƙe hannun miji a gaban mutane, a wurinta wannan ma wata kunya ce da ta kusa kai ta raki.

Da ƙyar ta ɗora yatsunta a kai. Likita ta danna kafaɗa, ba ta matsa ba. Ta danna gwiwar hannu, ba ta matsa ba. Gumi na zuba, haƙora a cije, hannun kuwa sakwa-sakwa. Daga bayan labule aka ji Maishanu ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda zatonsa ya tabbata, kujera ta motsa, zai tashi.

Mama Saratu ta ɗaga wa likita hannu ta dakata. Ta sunkuya kusa da kunnen Furera, amma ba ta rage murya ba.

"Ɗiyana, ba ka yi kuka ba, ba ka yi magana ba. Ba wanda zai je Sunkani ya ce ka yi raki. Amma in ka ɓoye masa yau, can za ka yi babbar Sallah, Sadiya kuma a nan. Wa zai yi mata kitso?"

Likita ta kai yatsa bayan wuya ta danna.

"Wayyo Allahna!"

Muryar namiji ce, daga ɗakin gwajin mata. Waɗanda ke bencin waje suka ce sai da tsuntsaye suka tashi daga mangwaro, ko da yake ban rantse da wannan ba. Abin da na tabbatar shi ne Furera ba ta saki ba. Aka danna ƙugu, ta matse. Aka danna gwiwa, ta matse. Ƙaton mutum yana murƙususu a kujera, yana salati, bai kuma janye hannun ba, wannan kam a ba shi.

Da aka gama ya ce likita ta fito. Ya tambaye ta da wane irin ƙarfi take danna masa mata haka. Dakta Beatrice ta ce ya ɗora hannunsa a tebur, ya danna da nasa yatsan har farce ya yi fari. Ya danna.

"Wannan ne kawai?"

"Wannan ne kawai, Malam."

Ya daɗe yana kallon farcen. Sannan ya juya ga labule, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwar Sadiya," ta amsa daga bayan labule.

"Kullum?"



"Kullum," in ji Furera.

Bai hau keke ba ranar. Ita ya ɗora, ya tura ta a ƙasa tun daga Nukkai har Yelwa, da azumi a bakinsa, yana kauce wa kowane rami.

Da ma a ce zan iya gaya muku maganin ya ci. Bai ci ba. Wasu sun ce sun sami barci, wasu jiri ya dame su, da aka haɗa sakamako can waje aka ce amfanin bai kai a ci gaba ba. Dakta Beatrice ta tara matan a gindin mangwaro ta gaya musu da kanta, idonta ya yi ja. Ta ce ba a yi asara ba, masu neman maganin sun san hanya ɗaya da ba ta ɓulle ba, za su gwada wata, ƙofofin nan kuma suna nan. Caroline ce ta tashi ta ce, "Dakta, kar ki damu. Da can ciwonmu ko suna ba shi da shi." Bayan shekara likitar ta koma koyarwa a jami'a. Ɗakin gwajin yanzu an cika shi da katan-katan, an sare reshen mangwaron da ke ba da inuwa don a ja waya. In na bi ta wurin ranar Talata, kewar hayaniyar matan nan takan kama ni, har in rage tafiya.

Furera tana nan a Yelwa da 'ya'yanta. Ciwon bai bar ta ba, wata rana ta tashi, wata rana ta kwanta. Amma Maishanu ne ke kai niƙa inji a bayan kekensa, ya sa mai ruwa yana cika randa, kuma tuni dangi suka koyi kama bakinsu. A taron sallamar da aka yi wa Mama Saratu makon jiya, shi kaɗai ne namijin da ya nemi a ba shi magana. Ya tsaya a harabar coci da hularsa, ya ce, "Ana tambayata me aka gani a jikin iyalina. Ba a ga komai ba, ni ma har yau ban gani ba. Amma na ji shi. Saura kaɗan in raba uwa da 'ya'yanta a kan abin da ban sani ba, matar nan ta hana ni." Sannan ya zauna.

Mun gode, Mama Saratu. Mun gode a madadin waɗanda suka matsa hannunki ba su iya cewa komai ba, da yaran da suka tashi a gaban uwarsu ba su san saura ƙiris ba. Allah ya huta gajiya, ya warkar da yatsun nan, ya ba ki tsawon rai ki ga ranar da masu bincike za su dace.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun jira wannan rana ba. A gidaje da yawa na garin nan akwai wadda ke kwance yanzu haka, an ce mata malalaciya har ta daina musu. In a gidanka take, kar ka tsaya neman rauni, ba za ka gani ba. Ja kujera ka zauna kusa da ita, ka miƙa mata hannunka, ka ce ta matse daidai yadda take ji. In ta matse, ka daure, kar ka janye.